Yadda Ake Tsare Sirri a Kafafen Sada Zumunta Ga Ma'aikata, Malaman Jami'a da Wakilan Aji

Tambayoyin da masu karatu suke ta aikowa a kan wannan batu sun kasu gida uku. Akwai malamai, musamman mata, waɗanda lambar wayarsu ta shiga zauren WhatsApp na aji, daga nan kira da saƙonni suka hana su sakat har tsakar dare. Akwai ma'aikatan da suka ɗora wata magana a status ko a Facebook da tunanin 'yan uwa kaɗai za su gani, sai ga maganar a teburin shugaban sashe tare da takardar tuhuma. Akwai kuma wakilan aji da aka ƙwace wa asusun sada zumunta, aka yi amfani da sunansu aka karɓi kuɗi a hannun abokan karatunsu. Aikin da zai magance duka ukun iri ɗaya ne, amma jerin matakan yana da muhimmanci, domin yawancin mutane da saitin wanda zai ga hotonsu suke farawa alhali asusun kansa ba a kulle yake ba, kamar mai gyara labulen ɗaki ne bayan ya bar ƙofar gida a buɗe.

Abubuwan da ake buƙata ba su da yawa: wayarka, adireshin imel na ƙashin kanka wanda ba na ofis ko na makaranta ba, ƙaramin littafi da biro, data 'yar kaɗan, da kamar awa biyu ko uku da babu mai damunka. Duk saitunan da za a ambata kyauta ne. Kuɗin da za a iya kashewa kawai shi ne na sabon layi, ga wanda ya zaɓi ya raba lambar aiki da ta gida, kuma za a nemi lambarsa ta NIN kafin a yi masa rajista. An rubuta sunayen maɓallai yadda suke fitowa a allon yawancin wayoyi, kodayake kamfanonin kan sauya musu wuri idan an sabunta manhaja.

1. Ka san ƙa'idar wurin aikinka, ka kuma lissafa asusunka

Kafin ka taɓa waya, ka nemi takardar sharuɗɗan aikinka, ko littafin ƙa'idojin ɗalibai idan kai ɗalibi ne, ka karanta sashen da ya yi magana a kan fitar da bayanai da kuma ɓata sunan ma'aikata ko makaranta. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ƙarƙashin Dokokin Aikin Gwamnati da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, waɗanda suka hana fitar da takardun ofis ba tare da izini ba, kuma ba ruwansu da ko ta hannu aka miƙa takardar ko ta WhatsApp. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, amma wannan kariya ba ta kai ga abin da mutum ya wallafa da hannunsa a bainar jama'a ba.

Daga nan ka rubuta duk asusun da kake da shi a littafin nan, har da tsohon Facebook ɗin da ka buɗe tun kana sakandare ka manta da shi. A gaban kowanne ka rubuta lambar waya da imel ɗin da aka buɗe shi da su. Kada ka rubuta kalmomin sirri a wannan shafi.

Gargaɗi: idan ka tarar akwai asusun da ke ɗaure da layin da ka daina amfani da shi, shi ne farkon abin gyara. Kamfanonin waya sukan karɓe layin da ya yi watanni ba a amfani da shi su sayar wa wani, kuma sabon mai layin zai iya karɓar lambar tabbatarwa ya shiga asusunka ba tare da ya yi wani kutse ba.

2. Kulle imel da layi, sannan asusun

Imel ake fara kullewa, saboda ta nan ake dawo da kowane asusu idan ya ɓace. Ka sauya kalmar sirrinsa zuwa doguwa wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Jimla mai kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna ta fi sunan ɗanka haɗe da shekarar haihuwarsa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ta fi sauƙin riƙewa a ka. Bayan haka ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato tsarin da zai nemi wata lamba bayan kalmar sirri kafin a shiga. Inda aka ba ka zaɓi tsakanin saƙon tes da manhajar samar da lambobi irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, ka ɗauki manhajar, domin ɓarawon da ya yi dabara aka yi masa welkam-bak da layinka zai karɓi saƙon tes ɗinka, amma ba zai sami lambobin da ke cikin manhajar ba. Za a ba ka wasu lambobin ko-ta-kwana. Ka kwafe su da biro ka ajiye a gida, kada ka ɗauki hotonsu ka bari a cikin wayar da za a iya sacewa.

Sai layin kansa. A saitin tsaro na waya akwai wurin saka wa SIM lambar sirri, ta yadda duk wanda ya zare shi ya saka a wata waya ba zai yi masa aiki ba. Mutane ƙalilan ne suke yin wannan, alhali shi ne yake tsare asusun banki da na WhatsApp a lokaci guda ranar da aka fizge waya a tasha.

Gargaɗi: idan ka saka lambar SIM ba daidai ba sau 3, layin zai kulle ya nemi lambar PUK da ke jikin katin da aka ciro SIM ɗin, idan kuma aka yi kuskuren PUK sau 10 layin ya mutu sai an sake wani. Kada ka yi ta cinke. Ka nemo katin ko ka tambayi kamfanin layinka tukuna.

A WhatsApp ka shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka zaɓi lamba mai alƙaluma 6, ka kuma saka imel ɗinka. Kada ka tsallake wurin imel ɗin, domin wanda ya manta lambar ba shi da imel sai ya jira kwana 7 kafin ya sake saita ta. Sannan ka duba Linked devices, inda ake iya haɗa na'urori har 4 da asusu ɗaya, ka fitar da duk wadda ba ka gane ba. A Facebook da Instagram, cikin Accounts Centre, akwai Password and security, inda za ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka kuma ga jerin na'urorin da asusunka yake buɗe a kansu.

Gargaɗi: lambar nan mai alƙaluma 6 da WhatsApp yake turowa ta tes ba a ba kowa ita. Dabarar da ta fi cin ma'aikata da ɗalibai ita ce wani ya kira ya ce daga zauren ofis ko na tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro ta intanet da yamma, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Babu taron da yake buƙatar wannan lamba. Da zarar ka faɗa, asusunka ya koma wayarsa.

3. Raba aiki da gida

A ganina wannan mataki ya fi duk saitunan da za su biyo baya amfani, domin duk dabarar ɓoye wa wane da nuna wa wane tana rushewa ranar da mutum ya yi sauri ko ya gaji. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai a kowane zango ya kamata ya mallaki lamba ta biyu ta aiki zalla. Ba sai an sayi waya ta biyu ba. Ana iya saka WhatsApp na yau da kullum a layin gida, a saka WhatsApp Business a layin aiki, duka a waya ɗaya, kuma shi na biyun yana ba da damar rubuta lokutan aiki da saita saƙon da zai amsa da kansa idan an tuntuɓe ka bayan an tashi. A wayoyin Android ana iya ƙara asusu na biyu a cikin manhaja ɗaya ma. A lambar aiki ka saka cikakken sunanka da muƙaminka, hoton kuma ya zama na aiki ko tambarin sashe, babu iyali a ciki, kuma kada ka riƙa ɗora status a can in ban da sanarwa.

A Facebook ka yanke wa kanka hukunci ɗaya da zai hau kan kowa: ko dai ba ka karɓar abota daga ɗalibin da kake koyarwa a yanzu da wanda yake ƙarƙashinka a ofis, ko kuma ka buɗe musu shafi dabam da za su bi. Karɓar wasu da ƙin wasu shi ne yake haifar da zargin son kai ranar da sakamako ya fito. Na san a wajenmu ƙin karɓar abotar shugaba yana da nauyi, har ana iya ɗaukarsa rashin ladabi. Idan ya zama dole, ka karɓa sannan ka saka shi a jerin Restricted. Zai ci gaba da zama abokinka, ba za a sanar da shi ba, amma abin da ka wallafa ga kowa da kowa kaɗai zai riƙa gani.

Gargaɗi: kada ka buɗe asusun ƙashin kanka da imel ɗin makaranta ko na ofis. Masu kula da tsarin suna da ikon sauya kalmar sirrin wannan imel, kuma yawanci ana rufe shi idan mutum ya gama karatu ko ya bar aiki, ya tafi da hanyar dawo da asusunka.

4. Saita wanda zai ga me

Yanzu ne lokacin saitunan da kowa ya sani. A WhatsApp, ƙarƙashin Privacy, ka mayar da Last seen, Profile photo da About zuwa My contacts, ko kuma My contacts except idan akwai waɗanda kake son cirewa. Ka mayar da Groups zuwa My contacts don kada baƙo ya jefa ka zauren da ba ka nema ba, ka kuma kunna Silence unknown callers idan kiran baƙi ya dame ka. Game da status, zaɓin Only share with ya fi aminci, saboda da shi kai ne kake zaɓar masu gani, saɓanin My contacts da My contacts except, waɗanda suke buɗe wa duk sabuwar lambar da ka adana, har da ta sabon shugaban sashe da ka saka jiya.

Gargaɗi: sauya saitin status ba ya shafar wanda ka riga ka ɗora, sai ka goge shi. Haka nan kashe alamar karanta saƙo ba ya aiki a zaure, don haka shugabanka zai iya ganin ka karanta umarninsa ko da ka kashe ta.

A Facebook ka bi Privacy Checkup daga farko zuwa ƙarshe. Abubuwa uku ne aka fi mantawa: hana a nemo ka ta lambar waya, hana injinan bincike kamar Google nuna shafinka, da kunna tace alamar suna, wato kada hoton da wani ya saka sunanka a kai ya hau shafinka sai ka amince. Na ƙarshen yana da muhimmanci, domin sau da yawa abin da yake jawo wa ma'aikaci magana hoton biki ne ko na taron siyasa da wani ya ɗora a ranar da shi ya ce ba shi da lafiya. Idan ka gama, ka yi amfani da View as ka kalli shafinka da idon baƙo. Hoton fuskar shafi na yanzu da babban hoton sama a buɗe suke ga kowa duk yadda ka saita. Ka kuma leƙa Apps and websites ka cire wasanni da manhajojin da ka taɓa shiga da asusunka. Badaƙalar kwashe bayanan mutane ta kamfanin Cambridge Analytica da ta fallasa a 2018, wadda Facebook ya ce ta iya shafar mutane miliyan 87, ta faro ne daga irin wannan ƙaramar manhaja ta amsa tambayoyi.

Instagram, TikTok da X kowanne yana da maɓalli ɗaya na mayar da asusu na sirri. A LinkedIn, mai neman wani aiki a ɓoye ya saita alamar Open to work ga masu ɗaukar ma'aikata kaɗai, ya kuma kashe sanarwar da ake tura wa abokai idan ya gyara bayanansa.

5. Share tsofaffin rubuce-rubuce

A Facebook, ka fara sauke kwafin bayananka ta Download your information idan akwai hotunan da kake so, sannan ka danna Limit past posts, wanda zai mayar da duk tsofaffin rubuce-rubucen da ke buɗe ga jama'a zuwa na abokai kaɗai a lokaci guda. Ba a warware wannan da dannawa ɗaya, sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai kuma shafi tsokacin da ka yi a shafukan jaridu da na wasu mutane ba, kuma a nan ne zafafan maganganu suka fi taruwa. Sai ka shiga Activity log ka bi su da hannu. Ka nemi hotunan katin shaidar aiki, takardar samun gurbin karatu, takardar kiran bautar ƙasa da ta ɗaukar aiki, waɗanda ake ɗorawa cikin murna, ka goge su, domin lambobin da ke jikinsu ne 'yan damfara suke nema.

Tsohon rubutu yana dawowa. A watan Nuwamban 2022 jami'an tsaro sun kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Dutse saboda wani rubutu da ya yi a Twitter tun watan Yuni game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, kuma sai da ƙungiyoyin ɗalibai da na kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta Allah wadai kafin a janye ƙarar a farkon Disamba. Kamun bai dace ba, amma ya nuna cewa wata biyar ba komai ba ne a rayuwar rubutu. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, yana nan ana kai mutane kotu da shi.

Gargaɗi ga masu neman karatu ko halartar taro a Amurka: tun 2019 fam ɗin neman biza yana tambayar sunayen asusun da mutum ya yi amfani da su cikin shekara 5 da suka wuce, kuma daga Yunin 2025 ana umartar masu neman bizar karatu da ta musayar ilimi su buɗe asusunsu ga jama'a don a duba. Ɓoye asusu a fam ɗin yana iya jawo a hana biza, saboda haka ko ka rufe wani asusu, ka ambace shi.

6. Buɗe zauren aji ko na ofis

Kafin a buɗe, a tambayi kai ko aikin yana buƙatar zaure. Idan makaranta tana da dandalin koyarwa na intanet irin su Moodle ko Google Classroom, can ne wurin ba da aikin gida da karɓarsa, domin ɗalibi ba ya ganin lambar ɗan uwansa kuma akwai tarihin wanda ya miƙa aiki da lokacin da ya miƙa. Gaskiyar magana dai ita ce WhatsApp ne yake hannun kowa kuma shi ne mai sauƙin data, don haka yawancin azuzuwa a can suke ƙarewa. Matsalarsa ita ce zaure na yau da kullum, wanda yake ɗaukar mutum har 1,024, yana nuna lambar kowa ga kowa. Ɗalibar da ta shiga don ta san lokacin lakca ta ba ɗaruruwan mazan da ba ta sani ba lambarta ke nan, kuma ba a tambaye ta ba.

Akwai hanyoyi uku na rage wannan. Idan sanarwa kawai ake so, a buɗe Community na WhatsApp, wanda yake tara zauruka a ƙarƙashin inuwa ɗaya, a yi amfani da sashen sanarwarsa, inda shugabanni kaɗai suke rubutu kuma mambobi ba sa ganin lambobin juna, sannan a bar ƙananan zaurukan tattaunawa ga mai so. Ana iya amfani da Channel na WhatsApp, wato shafin watsa sanarwa ga mabiya, amma shi a buɗe yake ga duniya kuma ba a rufe saƙonninsa daga waya zuwa waya yadda mai turawa da mai karɓa kaɗai za su iya karantawa, don haka jadawalin lakca kaɗai ya dace da shi. Telegram kuma yana barin mutum ya ɓoye lambarsa a zaure, yana ɗaukar manyan fayiloli har gigabait 2, kuma shugaba zai iya hana turawa da adana abin da aka saka, sai dai zaurukansa ba su da irin rufin saƙon da WhatsApp yake da shi.

Idan an tsaya a kan zauren WhatsApp, a bi wannan jeri. A buɗe shi da lambar aiki. A naɗa shugabanni biyu ko uku, malami da wakilin aji da wakiliya mace, kuma kowannensu ya nuna ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu kafin a ba shi muƙamin, domin shugaba ɗaya da aka yi wa kutse ya isa a ƙwace zauren gaba ɗaya. A shiga Group permissions a hana mambobi sauya suna da hoton zaure da ƙara mutane, a kunna Approve new members, sannan a riƙa gwada kowane mai neman shiga da jerin waɗanda suka yi rajistar kwas ɗin. Sai an gama wannan za a fitar da mahaɗin gayyata, kuma bayan mako biyu na farkon zango a danna Reset link don tsohon ya mutu.

Gargaɗi: kada a manna mahaɗin a Facebook ko a allon sanarwa na tsangaya. Ta nan ne masu tallan aikin bogi da masu cewa za su taimaka a cike fam ɗin bashin karatu na NELFUND suke shigowa su karɓi NIN da BVN na ɗalibai.

A rubuta ƙa'idoji a wurin bayanin zaure, gajeru: me zauren yake yi, ƙarfe nawa ake daina rubutu, an hana ɗaukar lambar wani a bi shi ta bayan fage ba da izininsa ba, an hana fitar da hoton hira, kuma ga wanda za a kai wa ƙara. Ɗalibin da ba shi da babbar waya ko wanda ba ya son shiga, a tanadar masa wata hanyar samun sanarwa. Bai kamata makin mutum ya rataya a kan manhajar da makaranta ba ta wajabta ba.

Gargaɗi: rufin saƙo yana hana na waje karantawa a hanya ne, ba ya hana na ciki ɗaukar hoton allo. Saƙo mai gogewa da kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90, da hoton gani-sau-ɗaya, duk ana iya ɗaukarsu da wata waya. A 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin karatun aƙalla ɗalibai 10 saboda hotunan ɓatanci da suka yi musaya a wani rufaffen zaure na Facebook. Zauren malamai na sashe ma haka yake: abin da ba za ka iya faɗa a taron sashe ba, kada ka rubuta shi a can.

7. Sakamako, hotuna da bayanan mutane

Kuskuren da ya fi yawa a manyan makarantu shi ne ɗaukar hoton takardar sakamako, da sunaye da lambobin rajista da makin kowa, a jefa a zaure. Kafin awa ɗaya ta kai zaurukan unguwa da na dangi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta ɗora wa duk ma'aikata ko makarantar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin amfani da su don dalilin da aka karɓe su kawai, ta kuma ware wasu a matsayin masu tsananin muhimmanci, ciki har da lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago. Ghana tana da irin wannan doka tun 2012, Nijar ma tana da hukumarta mai suna HAPDP. Hanyar da ta dace ita ce a saka maki a shafin makaranta inda kowa zai ga nasa. Idan babu, a cire sunaye a bar lambobin rajista kaɗai, a kuma hargitsa jerin. Takardar asibiti ta neman uzuri, batun satar jarabawa da takardar tuhumar ma'aikaci ba sa shiga zaure ko kaɗan.

Idan za a tattara bayanai ta Google Forms, a tambayi abin da ake buƙata kawai, kuma a bar takardar amsoshin a kan Restricted maimakon Anyone with the link. Wakilin aji ba shi da hurumin karɓar BVN na kowa.

Gargaɗi: kafin a ɗauki bidiyon lakca ko hoton aji a ɗora a TikTok ko shafin sashe, a nemi izinin waɗanda fuskarsu za ta fito, a kuma ba mai ƙi damar kaucewa. Ana shiga jami'a da shekara 16, don haka a ajin farko akwai waɗanda ba su kai 18 ba, kuma su izinin iyayensu ake nema. Ɗaliban aikin jinya da na likitanci da masu koyon koyarwa su kiyaye sosai da hoton majinyata da na yaran firamare.

8. Kwamfutar ofis da shagon intanet

Ka ɗauka cewa duk abin da ka yi a kwamfutar ofis ko a kan wayfai na makaranta masu kula da tsarin za su iya sanin shafukan da ka shiga, kuma tagar Incognito ba ta ɓoye musu wannan. Idan ka buɗe WhatsApp a kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu don ka fitar da furojet, rufe tagar bai wadatar ba; ka shiga Linked devices a wayarka ka fitar da kwamfutar kafin ka tashi, ka kuma goge fayil ɗin daga kwamfutar. Ya fi sauƙi ka tura wa mai shagon takardar kawai.

9. Idan abu ya riga ya ɓaci

Wanda aka ƙwace wa WhatsApp ya sake shigar da lambarsa a manhajar nan take ya karɓi sabuwar lambar tes, domin shigarsa tana fitar da ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya saka tasa lambar mataki biyu, za a jira kwana 7, amma shi ma an fitar da shi a tsawon lokacin. Kafin nan ka kira sauran shugabannin zaure ta waya su cire lambarka su sanar da mutane kada a tura kuɗi. Idan layin ne ya ɗauke gaba ɗaya ba dalili, ka fara kiran banki a rufe asusu, sannan ka nufi ofishin kamfanin layi da katin shaidarka.

Idan saƙon da bai dace ba ne ya faɗa zaure, Delete for everyone yana aiki na kimanin kwana biyu, kuma shugaban zaure zai iya goge saƙon kowa. Idan bayanan mutane ne suka fita, kamar jerin albashi ko sakamako, ka sanar da shugabanka a rubuce a ranar, domin doka ta ba ma'aikata awa 72 ne ta kai rahoto ga NDPC idan fitar bayanan tana iya cutar da masu su. Ɗalibar da ake bi da saƙonnin cin zarafi kada ta goge su. Ta ɗauki hotonsu yadda lamba da rana za su fito, ta tura kwafi zuwa imel ɗinta, sannan ta toshe mai turowa ta kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai.

10. Ƙarshen zango da barin aiki

Bayan an fitar da sakamako an kuma saurari ƙorafe-ƙorafe, a sanar da ranar rufe zaure, a adana abin da ake buƙata ta Export chat, sannan shugaba ya cire mambobi ɗaya bayan ɗaya kafin shi ya fita ya goge. Idan ya fita ya bar su a ciki kuma babu wani shugaban da ya rage, WhatsApp zai naɗa wani daga cikinsu shugaba, zauren ya ci gaba da yawo da sunan kwas ɗin da lambobin kowa ba mai kula da shi. Ma'aikacin da zai bar aiki ko aka yi masa sauyin wuri ya miƙa shugabancin shafin ma'aikata da zaurukanta a rubuce, a sauya kalmomin sirri a gabansa, ya fita daga asusunsa a duk na'urorin ofis, ya kuma kwashe hotuna da takardunsa na ƙashin kai daga imel ɗin aiki tun kafin ranar da za a rufe shi.